Sai Uwarta Ta Sa Hannu

Inna Mai-keke tana fama da hannun wata riga da ya ƙi zama lokacin da babur ya tsaya a ƙofar shagonta. Shagon ɗakin gaba ne na gidanta, ƙofarsa tana kallon kwata. A ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye, jikarta Dunƙule take zaune tana tauna tef ɗin awo kamar an biya ta.

"Ke ƙawata, in kin cinye shi da me zan auna mutane?" in ji Inna, ƙafarta ba ta daina taka keken ɗinki ba.

Dunƙule laƙabi ne. An haife ta hannu a dunƙule, fuska a murtuke, kamar wadda aka tasa daga barci ba shiri, sai sunan ya bi ta. Uwarta, Auta, ita ce ƙaramar 'ya'yan Inna, ita kaɗai ce kuma mace. Kafin Dunƙule, Auta tana da ɗa namiji da ake kira Direba, domin duk murfin tukunyar da ya samu sitiyari ne a wurinsa, ya yi ta zagaya tsakar gida yana ƙugi da baki yana kiran fasinja. Wata damina zazzaɓi ya kama shi. Aka ce rana ce ta buge shi, aka sayo magani a kanti. Washegari da la'asar ya fara jijjiga, idanunsa suka juye. Kafin a isa asibiti maleriya ta riga ta hau masa kai. Bai cika shekara huɗu ba.

Auta tana da cikin Dunƙule a lokacin. Auren bai jure rasuwar ba. Kowa ya ga laifin kowa, mijin ya tattara ya tafi neman arziki wata ƙasa, ya canza lamba. Auta ta dawo gida ta haihu, ta yi watanni tana shayar da jaririyar idonta a bango, ba wasa, ba waƙa. Ran nan ta ce ta samu aiki a babban birni, wankin zannuwan gado a wani otal, tafiyar yini guda a mota. Ta miƙa wa Inna yarinyar, ta ɗauki jaka ta tafi.

Tun daga nan sai waya. "Inna, kuna lafiya? Na turo saƙo." Shi ke nan. Ba ta taɓa cewa a kanga wa yarinyar wayar a kunne ba. Ita kuwa Inna, kewar Auta ta zame mata ciwon haƙori, bai kwantar da ita ba, bai kuma bar ta ta manta ba. In ta dafa shinkafa sai ta ga ta zuba ta manya biyu. In an kawo yadi mai ruwan toka da ɗigon ja sai ta ce a ranta, wannan Auta zai yi wa kyau. Wani lokaci mace mai tsawon Auta takan gifta ta ƙofar shago, sai ƙafar Inna ta tsaya cak a kan keke har matar ta juyo, ta ga baƙuwar fuska.

Mutumin da ya sauka daga babur ɗin mai tumbi ne, hular kwanonsa ta yi masa kaɗan. Ya yi sallama, ya ce daga ƙaramin asibitin bayan kasuwa yake. Masu bincike sun buɗe sashe a can, suna gwada sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara, gobe da safe ana son iyaye su je su ji bayani.

"Rigakafin sauro?" in ji Inna. "Sauron za ku bi ku yi wa allura ɗaya bayan ɗaya?"

"Da suna tsayawa, Inna, ai da mun huta. Yaran za mu yi wa, don in ya ciza ya ciji banza."

Daga ranar duk layin Mai-babur suke kiran sa.

Da safe barandar asibitin ta cika da mata da kukan yara. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi bayani doguwa ce mai tabarau rataye a wuya, kowa Sista yake ce mata. Ba ta ɗaga murya, amma ana jin ta har benci na ƙarshe. Ta ce an riga an gwada allurar a kan manya da wasu yara kaɗan, yanzu ana so a ga aikinta a kan yara da yawa. Ba dole. Allura uku ne wata-wata, sai ta huɗu, ta tuni, bayan kamar shekara. Za a riƙa ɗibar jini kaɗan lokaci-lokaci. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a kira, za a zo a duba shi a ba shi magani.

Inna ba ta jira an gama tambayoyi ba. Ta matsa gaban tebur ta miƙa babban yatsanta.

"Ke ce mahaifiyarta?" in ji Sista.

"Ni na haifi mahaifiyarta. Ai na fi."

Sista ta yi murmushi. "Kin fi, Inna. Amma ƙa'idar aikin nan, matuƙar uwa ko uba suna raye, ana kuma iya samun su, sai ɗayansu ya zo ya ji da kunnensa ya sa hannu. Ba a yi ta waya."

Inna ta goya Dunƙule ta fito tana gunaguni. Amma kafin ta kai bakin kasuwa ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta mai kama da murna, har ta ji kunyar kanta. Tun tafiyar Auta ba ta taɓa samun hanyar cewa "zo gida" ba tare da maganar ta zama roƙo ba. Yau ta samu, ba kuma ita ta ƙirƙira ba.

Ta kira ta da rana, lokacin hutun cin abinci. Ana jin injunan wanki suna juyawa a bayan muryar Auta.

"Gwaji? Inna, da 'yar tawa za a yi gwaji?"

'Yar tawa. Inna ba ta taɓa jin kalmar a bakinta ba. Ta yi kamar ba ta lura ba.

"Ni dai na ji bayaninsu, hankalina ya kwanta. Amma sun ce yatsana bai isa ba, sai naki."

"Ba a ba mu hutu haka kawai, Inna."

"To. Damina dai tana tafe, kin kuma san kwatar layin nan."

Inna ta san inda ta taɓa, ta ciji leɓe, ta so a ce maganar tana komawa ciki.

"Ran Lahadi nake hutu," in ji Auta can ƙasa-ƙasa. "Zan roƙi Litinin."

Inna ta share ɗakin ciki har ƙarƙashin gado, ta shanya katifa, ta sauya labule. Ran Lahadi da yamma Auta ta iso da ƙaramar jaka. Ta rame, sabulu da bilic sun cinye mata fatar hannu ta yi fari-fari. Ta durƙusa ta gai da uwarta. Inna ta yi ta shirya abin da za ta faɗa tun safe, amma abin da ya fito shi ne, "Kin sha hanya. Ba sa ba ku abinci ne a can?"

Dunƙule ta laɓe a bayan zanin Inna tana leƙe da ido ɗaya.

"Ga Mamanki, je ki gaishe ta."

Yarinyar ta maƙale kafaɗa.

"Ƙyale ta, Inna," in ji Auta. "Ina ta san ni?"

Ɗakin da aka share kuwa Auta ba ta shige shi ba. A nan Direba yake kwana duk sanda suka zo gidan kaka. Ta ce zafi take ji, ta shimfiɗa tabarma a shago tsakanin keke da teburi.

Ɗakin binciken ƙarami ne, da fanka a sama, da sikelin auna yara, da wani firji a lungu da ke gurnani ba tsayawa. Sista ta karanta wa Auta komai a hankali, tana tsayawa tana tambayar ko ta gane. Sannan ta zo wurin da Inna ba ta tsaya ta ji ba a taron baranda. Ba kowane yaro ne zai samu sabuwar allurar ba. Wasu za a yi musu wata ce daban da aka daɗe da sani, ta rigakafin cizon mahaukacin kare. Na'ura ce ke zaɓa, a wani ɗaki ake haɗa sirinjin a lulluɓe shi, ita kanta Sista da likitan sashen ba su san wanda ya samu wacce ba sai an gama binciken.

"Mahaukacin kare?" in ji Inna. "Mu a layinmu ko mai hankalin ba mu da shi."

Sista ta yi dariya. Auta ba ta yi ba.

"Wato na bar aikina na yi tafiyar yini, ƙila ma ta kare za a yi mata?"

"Ƙila. In kowa ya samu sabuwar, ba mu da yadda za mu san ko ita ce ta yi aiki ko daminar ce ta zo da sauƙi."

Likita ya shigo a lokacin, mutum mai furfura a gefen kai, ya naɗe hannun riga. Auta ta dube shi kai tsaye.

"Likita, ina da ɗa. Maleriya ce ta kashe shi. Da wannan allurar ta riske shi, da yana nan?"

Inna ta sunkuyar da kai. Likita ya jawo kujera ya zauna.

"Allah ya jiƙansa. Ban sani ba, 'yar'uwa. In na ce miki e na yi ƙarya, in na ce a'a ma na yi ƙarya. Ba mu sa ran za ta kare kowane yaro. Muna fata ta rage masu kamuwa, ta rage waɗanda abin ke yi wa tsanani. Amma har yanzu fata ne. Muna nan ne don mu sani."

Auta ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta karɓi biro ta sa hannu.

Sista, da ba ta san yarinyar ba ta saba da uwarta ba, ta ɗauke Dunƙule daga cinyar Inna ta ɗora wa Auta. "Mama, riƙe mata ƙafa da kyau." Yarinyar ta tsala ihu tana miƙo hannu, "Inna! Inna!" Inna ta mayar da hannuwanta baya, ta damƙe tsintsiyar hannunta ɗaya da ɗayan, ta kafe idonta a kan hoton sauro da ke manne a bango. Allura ta shiga ta fita. Da Dunƙule ta ga ba mai ceto, sai ta cusa fuskarta a wuyan matar da ke riƙe da ita ta ci gaba da kuka a can. Aka ce su zauna a baranda na ɗan lokaci don a ga ko jikinta zai nuna wani abu. A nan barci ya kwashe ta a kafaɗar Auta. Inna ta san kafaɗar nan ta yi tsami, amma Auta ba ta ko gyara zama ba.

Da asuba Auta ta koma. Inna ta tambayi Sista ko allura ta biyu ma sai da uwa.

"A'a, yanzu ke ma kin isa."

Inna ta kwana biyu tana juya maganar. Za ta iya yin shiru, Auta ta ɗauka dole ne. A ƙarshe ta kira ta faɗa mata gaskiya: sun ce ba sai kin zo ba. Auta ta ce, "To." Amma ana gobe allura, da yamma, sai ga ta a ƙofar shago da takalman roba a leda, sun yi wa Dunƙule kaɗan.

"Ba na son a yi mata abu ban gani ba," ta ce, ba ta kalli Inna ba.

A zuwa na uku takalman sun yi daidai.

Bayan nan sai doguwar jira. Mai-babur yakan biyo ya sa wa yarinyar ma'aunin zafi a hammata, yana tsokanar ta da sunan Shugaba. "Ina Shugaba? An yi zazzaɓi? Ana kwana a gidan sauro ko an mayar da shi ragar kamun kifi?" Inna ta soke katin asibiti a jikin labule da allurar ɗinki, inda za ta riƙa ganin ranar komawa, ranar kuwa ta yi mata nisa kamar ba za ta zo ba. Sai dai wayar Auta ta fara tsawo. Har takan ce, "Ba ta in ji." Dunƙule ta yi ta huci a cikin wayar, can ta ce, "Auta."

"Ba Auta ba, Mama," in ji Inna.

"Auta."

Damina ta yi nisa, kwata ta cika ta tumbatsa. Wata rana bayan azahar Dunƙule ta ƙi abinci, ta shige ƙarƙashin tebur ta kwanta ba ta taɓa komai ba. Shirun ne ya sa Inna ta leƙa. Ta taɓa wuyanta ta ji kamar dutsen guga. Na ɗan lokaci Direba ta gani a kwance a wurin, ba Dunƙule ba. Ta nemo lambar da ke bayan kati ta kira.

Mai-babur ya iso cikin ruwa, yau babu barkwanci. Inna ta goya yarinyar ta lulluɓe ta da leda, suka ratsa taɓo har asibiti. Aka soki yatsan yarinyar aka ɗiga jini a ɗan farin abin gwaji.

"Maleriya ce," in ji Sista. "Amma kun zo da wuri. Tun da tana amai za mu kwantar da ita, mu ba ta maganin ta jijiya."

Inna ta zauna a bakin gado da waya a hannu. In ta faɗa, ƙila Auta ta ce an yi da 'yarta gwajin banza, ƙila ƙafarta ba za ta sake taka gidan ba. In ta ɓoye kuma wani abu ya faru, da wane ido za ta dube ta? Ta danna lambar.

"Auta, kada ki tsorata..."

"Kuna ina?" Abin da Auta ta ce ke nan.

Ta biyo motar dare, washegari da hantsi ta iso, da rigar aiki a jikinta da silifas, ko canzawa ba ta tsaya yi ba. Ta tarar da Dunƙule a zaune a tsakiyar gado, filasta a bayan hannu, tana rigima da Sista a kan guntun biredi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Sannan ta tako ta zube a gaban gadon ta kifa kai a katifa, ta fashe da wani irin kuka da Inna ba ta ji daga gare ta ba ko ranar rasuwar Direba. A waccan ranar idonta a bushe yake, shi ne ma abin da ya fi tsorata Inna. Yau kuwa har kafaɗunta rawa suke yi. Dunƙule ta dube ta da mamaki, ta ɗora hannun biredin a kanta tana bubbugawa, yadda Inna ke yi mata.

"Yi shiru, Auta. Yi shiru."

Da Auta ta natsu ta share fuska, ta ce wa Sista, "Ta kare aka yi mata ke nan."

"Ban sani ba. Wanda aka yi wa sabuwar ma yana iya kamuwa. Abin da na sani shi ne kakarta ba ta ɓata lokaci ba."

Auta ta yi mako guda. Ɗakin ciki ma ta shige shi, domin a can gidan sauro yake, kuma Dunƙule ta riƙe mata bakin zani ta ƙi saki. Da safe Inna tana hura wuta takan jiyo su ta taga, Auta tana rera wata waƙar yara da Inna ta ɗauka ta manta, yarinyar tana ɓata kalmomin. Inna ba ta taɓa jin daɗin mako irin wannan ba tun rasuwar mijinta. Har ta fara auna shagon da ido: in aka matsa da teburi, kujera ta biyu za ta shiga. Auta tana da hannun yanka tun tana ƙarama. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta bar shi a ranta yana girma.

Ranar ƙarshe suna shanya a tsakar gida, Auta ta ce, bayanta a juye, "Inna, na kama ɗaki ni kaɗai. Akwai wata mata a gidan tana renon yara da rana. Ina so in tafi da ita."

Inna tana riƙe da ƙaramar riga jiƙaƙƙiya. Ta matse ta, ko da yake ta riga ta matse.

"Ai 'yarki ce."

"Ke ma ki zo mana."

"In bar wa wa gidan babanku? Yayyenki in sun zo su sauka ina?"

Su duka biyun sun san yayyen ba su cika zuwa ba. Amma a layin nan kowa ya san Inna Mai-keke, a can kuwa tsohuwa ce kawai a ɗakin haya, tana jiran a taso daga aiki.

Suka je wurin Sista. Ta ce, "Kina da iko ki cire ta yau, ba wanda zai ce miki don me. Amma in ta bar garin nan ba za mu iya bin ta ba, abin da muka fara da ita zai tsaya a rabi."

Auta ta dubi filastar da ta rage a hannun yarinyar. "Ba na son jinin da aka ɗiba ya tafi a banza. Akwai yaran wasu. Ta gama tukuna."

Inna ba ta san ko godiya za ta yi ba.

A da tana ganin ranakun katin ba sa tafiya, yanzu kuwa gudu suke yi. Ta daina yi wa Dunƙule faɗa. Takan ajiye ɗinki a tsakiya ta zauna tana kallon ta kawai, yadda take murguɗa baki in tana ƙoƙarin sa maɓalli a rami, yadda take kiran almakashi "makashi" ta kuma dage ita ce daidai. In ta yi mata wanka sai ta daɗe da hanci a tsakiyar kanta. Masu ɗinki suka fara ƙorafin Inna ta koyi saɓa alkawari da tsufanta. Allurar tuni ta zo, Auta ta zo, ta koma. Wata damina ta sake wucewa ba zazzaɓi. Sai ga ziyarar ƙarshe.

Aka auna nauyi, aka auna tsawo, aka ɗebi jini. Dunƙule ta miƙa hannu da kanta tana hararar Sista. Likita ya yi musu godiya a tsaye, ya ce haɗa sakamako zai ɗauki lokaci, in ya fito za a tara kowa a faɗa.

A tashar mota Inna ta miƙa wa Auta ƙunshin riguna. Wasu daidai, wasu na baɗi, wata ma sai yarinyar ta shiga makaranta za ta cika ta. Dunƙule ba ta taɓa shiga babbar mota ba, murna ta hana ta zama. Ta leƙo ta taga.

"Inna, shigo mana!"

"Ina zuwa, ƙawata. Ki riƙe min wuri."

Auta ta riƙe hannun uwarta ta taga, hannun nan mai kaushi, har motar ta fara motsi. Inna ta dawo gida a ƙafa ta hanya mafi nisa. Ta buɗe shago ta zauna, ba ta yi ɗinki ba ranar.

Watanni suka shuɗe kafin Mai-babur ya sake tsayawa a ƙofarta. "Ina Shuga..." ya fara, sai ya haɗiye sauran. Ya ce sakamako ya fito, gobe a baranda.

Yaran da ta sani a goye yanzu guje-guje suke yi tsakanin bencina. Inna ta zauna a gefe ita kaɗai, jakarta a cinya. Likita ya ce a cikin yaran da aka bibiya, waɗanda aka yi wa sabuwar allurar ba su kamu da yawa kamar sauran ba, bambancin kuma a fili yake. Ya ce ba kowa ta kare ba, kada a yar da gidan sauro, kada a zauna da zazzaɓi a gida. Waɗanda aka yi wa ɗayar kuma za a kira su a yi musu sabuwar in iyayensu suna so. Mata suka yi tafi, wata ta fashe da kuka ba a san dalili ba.

Sista ta riƙa kiran su ɗaya-ɗaya. Da aka zo kan Inna ta cire tabarau.

"Sabuwar aka yi wa Dunƙule."

"Amma ta kamu."

"Ta kamu, ta kuma tashi."

"Allurar ce ta tashe ta?"

"Wannan ba zan iya rantse miki ba, Inna. A kan yaro ɗaya ba a sani. Sai an haɗa su duka ake gani."

Inna ta fito ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofar asibiti ta kira Auta. Da ta faɗa mata, Auta ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai aka fizge wayar.

"Inna! Ina da jaka mai zif! Mama ta ce in na ci abinci za mu je mu ga jirgin ƙasa."

Muryar ta washe, kalmomin sun fita tsaf, har da wani lanƙwasa harshe na can da Inna ba ta saba ji ba. Mama. Ba wanda ya gyara mata wannan karon.

"Iye, 'yan birni. Kina shiga gidan sauro?"

"Ina shiga. Inna, yaushe za ki zo?"

"In na gama rigunan 'yan makaranta."

"Yaushe za ki gama?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa, layin ya katse. Ta ce "Halo, ƙawata?" ba amsa. Ta daɗe a tsaye da wayar a kunne tana sauraron shiru.

Wata matashiya ta fito daga asibitin da tagwaye, ɗaya a baya ɗaya a hannu, ga jaka, ga lema, ga babban yaro yana jan zaninta. Ta tsaya tana neman yadda za ta gyara goyo.

"Kawo ɗaya, 'yata," in ji Inna.

Matar ta miƙo mata na hannun da godiya. Yaron bai yi ƙyuya ba. Ya kwantar da kai a kafaɗar Inna, ɗuminsa ya ratsa rigarta, yatsunsa suka kama bakin mayafinta. Gidan matar ba a hanyar Inna yake ba, yana can bayan makarantar firamare, amma ta raka ta har ƙofa, a hankali take tafiya.